Wutar Jin Ɗumi a Ƙasar Ruma

A da, in hunturu ya sauka a ƙasar Ruma, akan hura wutar kara a tsakar gida. Yara su kewaye kaka, ta yi ta lissafa musu dangi, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Nan muka koyi zumunci.

Amma cikin Fabrairun 2020 mahara suka auka wa Tsauwa da Dankar na Batsari, aka rasa rayuka wajen 30. Iyalai da dama suka watse, babu mai zaman hira.

To, malamai, kada mu bari tarihin nan ya salwanta. Mu sa ɗalibanmu su zauna da dattawan Batsari da Safana, su rubuta sunayen mamatansu da labarunsu. Da tsohuwar zuma ake magani.