Aikin da Ba a Yanka wa Lokaci Ba, Ba a Yi Niyyarsa Ba

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin ɗaliban Hausa, wai keɓe wa kowane aiki sa'o'insa a mako al'adar Turawa ce, ba ta dace da gidan da baƙo ke sallama babu sanarwa ba. Wannan uzurin malalaci ne, kuma tarihin karatu a ƙasar Hausa ya ƙaryata shi.

Makarantar allo ta daɗe da raba mako: karatu daga Asabar zuwa Laraba, hutu Alhamis da Juma'a. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san Litinin da Juma'a ba ranakun yawo ba ne, haka na Damagaram ya san Alhamis. Shi kansa harshen ya yayyanka yini: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Al'ummar da ta raɗa wa sassan yini sunaye har haka ba za a ce tsara lokaci baƙo ne gare ta ba.

Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne dogon jerin ayyuka marar rana, marar sa'a. Ya rubuta "nahawu, adabi, fassara", sa'annan ya bar su ga "in an jima". Mako yana da sa'o'i 168. Idan barci ya ci 56, saura 112. Lokaci bai yi kaɗan ba, rabonsa ne ba a yi ba. Mai tsari yakan ba abu mai wuya, kamar azuzuwan aikatau bakwai na Parsons ko karin sauti, sa'o'i biyu bayan asuba, sa'ad da ƙwaƙwalwa ke garau. Adabi ya samu la'asar, fassara ta samu daren Talata. Idan sa'ar abu ta yi, sai a kife waya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Gaskiya ne ta'aziyya da suna da ɗaukewar wuta sukan rushe shiri. Maganinsu shi ne a bar yammaci biyu a mako babu komai, aikin da ya goce ya faɗa can. Wanda ya ƙi wannan, makon jarrabawa zai tuna masa cewa ba a fafe gora ranar tafiya.