Tsiro mai cin ƙuda: laifin mai tono da na mai saye

A duniya kaf, tsiron nan mai kama ƙuda, wanda masana ke kira Dionaea, ba ya fitowa da kansa sai a fadamun jihohin Karolina biyu na Amurka, kewaye da garin Wilmington. Ganyensa tarko ne: in ƙwaro ya taɓa gashin ciki sau 2 cikin daƙiƙa 20, sai ya rufe.

An yi ta tono shi don sayarwa har ya yi ƙaranci, shi ya sa tun shekarar 2014 Karolina ta Arewa ta mai da satarsa daga daji babban laifi. Dokar ta yi daidai, amma mai saye ma yana da alhaki. Ya kamata ya nemi wanda aka shibka a lambu, kuma ya koyi renonsa, domin kowane tsiron da ya mutu a gida yana kiran a sayo wani.

Taki yana ƙona saiwarsa, haka ma ruwan famfo mai gishiri. Abin da yake so shi ne ruwan sama, rana sosai, da hutun sanyi na wata 3. Masu tsokanar tarkon da yatsa kuwa su sani, rufewa kaɗan yake yi kafin ya baƙe ya bushe.