Wuta-wuta da Karkashi

Yara, idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, gonakin Zango sukan cika da ƙananan furanni. Mutane da yawa sukan wuce su, su ce ai duk ciyawa ce. A ganina wannan sakaci ne. Ya kamata kowane ɗan makaranta ya san su da sunayensu, gama a cikinsu akwai abinci, akwai kuma ɓarawo.

Ku dubi biyu daga cikinsu. Dukansu damina ɗaya suke yi, su zubar da iri, su mutu. Furen kowannensu ja-ja ne mai sirkin shunayya, har yaro ya ruɗe in ya hango su daga nesa.

Karkashi yakan kwanta ya yi yaɗo. Ganyensa da ɗan faɗi, furensa kamar na riɗi. In kun murza ganyen da ruwa sai ya yi yauƙi. Shi ne iyayenku mata ke tsinka su yi miya.

Wuta-wuta kuwa, wadda waɗansu ke kira ƙuduji, a miƙe take. Karanta yana da kusurwa huɗu, ganyenta sirara ne masu kaushi. Furanninta sukan jeru a kanta, gwanin kyau. To, kada kyaun nan ya yaudare ku. A gindin gero ko dawa ko masara za ku same ta, domin saiwarta a manne take da tasu, tana tsotse musu ruwa da abinci. Takan yi makonni tana wannan ɓarna a ƙarƙashin ƙasa tun ba ta leƙo ba. Shi ya sa gero kan tsumbure, kamar wuta ta babbake shi.

Tushe ɗaya yana iya zubar da iri 50,000, masu laushi kamar ƙura. Irin kuwa yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran hatsi.

Wani zai ce wannan aikin manya ne. Ban yarda ba. Yaron da ke kai fura gona, ko yake yankar wa awaki ciyawa, shi ne ke fara ganinta. Sai ya tuge ta da hannu tun ba ta yi 'ya'ya ba, ya tara, a ƙone. Kada ya yar da ita cikin kunya, domin in furen ya riga ya buɗe, irin yakan nuna ko bayan an tuge ta.