Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Turanci Na Bulumkutu

'Yan'uwana malamai,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar maƙwabcina da ke shirin zana WAEC. Ta kawo mini littafinta, ga jimla: "She beat out ten girls for the prize." A ƙasa ta rubuta: "Ta daki 'yan mata goma ta kore su waje." Raina ya sosu, domin laifin namu ne. Mu muka koya mata "beat" duka ne, "out" waje ne, muka bar ta ta haɗa da kanta.

Abin da jimlar ke nufi shi ne ta sha gabansu, ta yi musu zarra. Ana amfani da "beat out" inda abin nema ɗaya ne, masu nema da yawa: kyauta, gurbin aiki ko kwangila. A bakin Amurkawa aka fi jin ta.

Ku kawo wa ɗalibanku misalin gida. A 2024 El-Kanemi Warriors ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Wannan "beat" ce kawai. In kuwa ana batun duk ƙungiyoyin da suka yi zawarcin kofin ta bar su a baya, nan ne gurbin "beat out".

Sauran ma'anonin ma suna ƙofar makaranta. Ku nuna musu mai gyaran jikin mota a bakin titin Kano, yana bubbuga lotsattsen gefen Keke Napep da guduma har ya miƙe. Ku tuna musu wanda ya karyo ɗanyen reshen darbejiya yana fyaɗar wutar da ta kama zana har ta mutu, da makaɗin da ke fitar da take a kan ganga. Duk "beat out" ne. Sannan ku ja kunnensu: "beat up" ita ce dukan kawo wuƙa.

Yaranmu sun san cin kasuwa daban, cin amana daban, alhali "ci" ɗaya ce. Ta wannan ƙofa za ku shigar da su.

Don Allah, kada ku ƙara ba yaro kalma tsirara ba tare da jimla ba. Allah Ya yi wa aikinku albarka.

Naku,
Wani tsohon malami a Bulumkutu