Sharhi: Mena ta mata na buƙatar wasannin sada zumunta, amma ta ina ɗiyar Damargu za ta shiga jerin?

Duk lokacin da ranakun da hukumar FIFA ta keɓe wa wasannin ƙasa da ƙasa suka ƙarato, hukumomin ƙwallon ƙafa sukan fitar da jerin ƴan wasan da mai horarwa ya kira. Galibi sunaye 23 ne: masu tsaron gida uku, sauran kuma ƴan baya, ƴan tsakiya da ƴan gaba, kowace da sunan kulob ɗinta a gefe. A ɓangaren mata, tsakanin Fabrairu da Afrilu ne kakar irin wannan jeri, domin a lokacin ake buga manyan gasannin sada zumunta, kamar ta SheBelieves da Amurka ke shiryawa tun 2016, da ta Pinatar a Sifaniya, da wadda ake yi a Turkiyya. Gasar Algarve ta ƙasar Fotugal, wadda aka fara a 1994, ita ce ta share musu hanya.

Mazaunin Tanut ko Belbeji zai iya ɗaukar wannan a matsayin zancen nesa. Sai dai jerin sunayen tawagar ƙasa yakan nuna wuraren da ƙasa ke nemo ƴan wasanta, yakan kuma nuna wuraren da ba ta leƙawa. Tambayar da ta shafi Damargu ita ce: idan gobe aka gayyaci Mena ta mata wata gasar sada zumunta, ta wace hanya yarinya mai baiwa daga Gangara ko Tarka za ta kai ga idon mai horarwa?

Amfanin gasar da babu tikiti a cikinta

Misali mafi kusa shi ne gasar kofin Aisha Buhari da aka yi a Legas a watan Satumban 2021. Ƙasashe shida ne suka hallara: Najeriya, Ghana, Kamaru, Mali, Maroko da Afirka ta Kudu. Gasar ba ta bayar da tikitin zuwa ko'ina, amma a cikinta ne Afirka ta Kudu ta doke Najeriya da ci 4-2 har gida. Wata goma bayan haka, a gasar cin kofin Afirka ta mata da Maroko ta karɓi baƙunci a Yulin 2022, Afirka ta Kudu ta sake doke Najeriya da 2-1 a wasan rukuni, daga ƙarshe kuma ta tafi da kofin. Uku daga cikin waɗanda suka je Legas, wato Najeriya, Maroko da Afirka ta Kudu, su ne suka kai wasan kusa da na ƙarshe tare da Zambiya. Su ukun ne kuma suka tsallake zagayen rukuni a gasar cin kofin duniya ta 2023.

Dalilin amfanin irin wannan gasa a fili yake. Mai horarwa yana samun wasa biyu ko uku cikin mako guda, yana iya gwada sabuwar mai tsaron gida ko yarinya ƴar shekara 18 ba tare da fargabar a fitar da ƙasarsa ba. Ƴan wasan suna kwana wuri ɗaya, su ci abinci tare, su saba da juna. Amma duk wannan yana aiki ne idan akwai ƴan wasa da yawa da za a tace. Wanda zai zaɓi 23 daga cikin ɗari yana gwaji na gaske. Wanda 23 ɗin su ne kusan duk abin da yake da su, maimaita kira kawai yake yi.

Inda Mena ta mata take

Alƙalumman wasannin Nijar sun nuna girman aikin da ke gaba. Tawagar ta halarci gasar yankin UFOA-B a Abidjan a 2018 da 2019, kuma a ta 2019 ne Najeriya ta ci ta 15-0. A wasannin neman gurbin gasar Afirka, Kot Dibuwa ta fitar da Nijar a Oktoban 2021 da jimillar ci 20-0 gida da waje. A Satumban 2023 Tunisiya ta fitar da ita da 12-1, sannan a Fabrairun 2025 Gambiya ta yi nasara a kanta da 4-1.

Tazarar tana raguwa, kuma ƴan wasan sun cancanci yabo a kan haka, ko da yake ƙarfin Gambiya bai kai na Kot Dibuwa ba. Abin lura shi ne tsarin waɗannan wasanni: gida da waje ne, wanda aka ci ya koma gida sai bayan shekara biyu. Tawagar da ake fitarwa a zagayen farko ba ta samun isassun wasannin da za ta koyi darasi daga gare su. Wannan giɓi ne wasannin sada zumunta ke cikewa, shi ya sa masu kira da a nema wa Mena ta mata irin waɗannan gasanni suke da hujja mai ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai rabin maganar da ba a cika faɗa ba. Kulob-kulob ɗin da suka wakilci Nijar a wasannin share fagen gasar zakarun Afirka ta mata, irin su AS Police da AS GNN ta rundunar tsaron ƙasa, na Yamai ne. Ba abin mamaki ba ne, domin su ke da fili, da mota, da abin da za su riƙe ƴar wasa da shi. Shi kuwa mai horarwa wadda ya gani tana wasa yake kira. Muddin ƙwallon mata mai tsari ya taru a babban birni, jerin tawagar ƙasa ma can zai taru.

Nisan Damargu daga jerin

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tanut tana da mutane sama da 400,000, ita kuma Belbeji, wadda aka cire daga jikin Tanut a 2011, tana da kusan 100,000. Wato fiye da rabin miliyan tun wancan lokaci, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 140 ne a kan hanyar Agadas, daga Damagaram zuwa Yamai kuma kusan 900. Yarinyar da za ta je gwaji a babban birni sai ta yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000, da kuɗin mota, da masauki, da wanda zai raka ta. Ƴar Tenhiya ko Falanko kuwa sai ta fara isa bakin kwalta tukuna.

Nisan hanya ma shi ne ƙaramin cikas. Ana koyon ƙwallo ne tsakanin shekara 10 zuwa 16, kuma waɗannan su ne shekarun da ɗiya mace ta karkara ke barin lakwal. Alƙalumman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jahar Damagaram kuma adadin ya wuce kashi 80. A karkara, filin makaranta shi ne kusan wuri ɗaya da uwaye za su yarda ɗiyarsu ta yi guje-guje a bainar jama'a. Ranar da ta bar aji, ranar ta bar filin.

Akwai kuma batun takardar haihuwa. Ba a yi wa ƴar wasa lasisi, ba a tantance rukunin shekarunta, ba a yi mata fasfo sai da ita. Yarinyar da aka haifa a ruga ko a ƙauyen da ke nesa da ofishin magajin gari, ba a kuma yi mata rajista ba, ta faɗi tun kafin a busa usur.

Saboda haka duk matakin da ya tsayar da ɗiya mace a makaranta ya shafi ƙwallon mata, ko da waɗanda suka ɗauke shi ba su da ƙwallo a zuciya. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 domin kare yarinyar da ke karatu tana cikin wannan layi, haka ma gidajen kwanan ɗalibai mata irin wanda aka fara da shi a Kelle, cikin gundumar Gure. Wurin da ƴan mata da dama ke kwana a haraba ɗaya, a ƙarƙashin kulawar mata, shi ne wuri mafi sauƙin kafa ƙungiyar ƙwallo.

Darasi daga filin kokowa

Nijar ba ta buƙatar aro tsari daga waje, domin tana da shi a kokowar gargajiya. Tun gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, neman takobi ya ginu ne a kan tsani. Kowace daga cikin jahohi takwas tana turo ƴan kokowa goma, kuma kafin a tsayar da goman sai an yi tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi zuwa gundumomi har zuwa jaha. Saurayin da ya kada tsaransa a dandalin ƙauye bayan girbi ya san matakin da zai taka na gaba. Gasar kanta tana zagaya manyan biranen jahohi, ba a Yamai kaɗai take zama ba. Wannan ne ya sa manomi a Olelewa ke manne kunnensa da rediyo idan ɗan Damagaram ya shiga fili: yana jin nasa ne.

Ƙwallon mata irin wannan tsani take nema. Matan Nijar sun riga sun nuna abin da za su iya idan suka samu hanya. Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka, Tekiath Ben Yessouf kuma ta kai wasan neman lambar tagulla a taikwando a gasar Olamfik ta Tokyo. Bambancin shi ne mai tsere ita kaɗai take buƙatar a gano, ƙwallo kuwa sai an tara 22 kafin a yi wasa ɗaya.

Damuwar uwaye da batun kuɗi

Uwaye da malamai da dama suna da ja a kan lamarin, kuma damuwarsu ba ta wasa ba ce: sutura, cuɗanya da maza, da tafiyar ɗiya mace zuwa garin da ba ta da kowa. Kan sutura, dokokin ƙwallo sun halatta rufe kai tun 2014, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya sanye da hijabi. Dogon wando da riga mai dogon hannu ma ba su saɓa wa doka ba. Sauran damuwar tsari ne ke maganinta: wasa da rana a cikin harabar makaranta, malama mace a bakin fili, da izinin uwaye a rubuce kafin kowace tafiya. Shirin da ya tsallake hakimai, limamai da ƙungiyoyin uwayen ɗalibai ba zai kai damina biyu a Damargu ba.

Wasu kuma za su ce yankin da ke fama da ƙarancin ruwan sha da tsadar hatsi a shekarar da damina ta gaza yana da abin da ya fi ƙwallo. Gaskiya ne. Amma kuɗin da ake magana a kai ba na rijiya ba ne, ba kuma za a iya karkatar da su can ba. A ƙarƙashin shirin FIFA Forward, kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa tana iya samun har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026, kuma wani kaso nasu yana rataye ne a kan sharuɗɗa, ciki har da shirya gasannin mata da kuma tawagar mata mai buga wasanni a kai a kai. Hukumar CAF ma ta ƙaddamar da gasar makarantu ta Afirka a 2022, ta maza da ta mata, da tallafin dala miliyan 10 daga gidauniyar Motsepe. Makarantar Fountain Gate ta Dodoma a Tanzaniya ce ta ɗauki kofin mata na farko a Durban a 2023, da kyautar dala 300,000 domin ayyukan makaranta. Abin tambaya shi ne nawa ne daga irin waɗannan damammaki ke wuce Dosso su iso gabas.

Shugaban FENIFOOT, Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, yana jagorantar hukumar tun 2009, kuma a Maris ɗin 2025 aka zaɓe shi a majalisar FIFA. Wannan kujera tana sauƙaƙa nemo wa Mena ta mata abokan karawa da gayyata. Tana kuma ƙara nauyin da ke kansa na nuna abin da aka yi a cikin gida. Maroko, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka sau biyu a jere, a 2022 da 2025, ta fara ne da shirin 2020 na gina gasar cikin gida da ta matasa. Nijar ba ta da aljihun Maroko, amma jeranta aikin ba ya buƙatar aljihu mai zurfi.

Matakin farko ba mai tsada ba ne: gasa tsakanin kwalejojin gundumar Tanut da na Belbeji a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida kuma kafin zafi da jarrabawa. Malaman motsa jiki suna nan a makarantun, abin da ake buƙata ƙwallaye ne, da riguna, da kuɗin mota. Waɗanda suka yi fice su wuce Damagaram, jaha ta fitar da tawagarta, jahohi takwas su haɗu sau ɗaya a shekara a gaban mai horar da tawagar ƙasa, kamar yadda ake yi a kokowa. A haɗa da yi wa kowace yarinyar da ta shiga takardar haihuwa, wadda za ta amfane ta ko da ta bar ƙwallo.

Akwai kuma abin da hukumar za ta iya yi ba tare da kashe ko dala ba. Idan za ta fitar da jerin Mena ta mata na gaba, ta rubuta garin da kowace ƴar wasa ta fara buga ƙwallo a gefen sunan kulob ɗinta. Da wannan ne mutanen Tanut da Belbeji, da na Gure da Magarya, za su iya auna ko hanyar tana buɗewa daga shekara zuwa shekara.