Kafin Mu Yarda A Yi Wa Kwamfuta Fomat Saboda Iyafis



Yau ba zancen jigo ko salo za mu yi ba. Wani ɗan uwanmu ne ya yi asarar babi 11 na littafinsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya naɗi hira da wata dattijuwa a Mabai, kullum sai ya maƙala iyafis ɗinsa na bulutut yana saurare yana kwafewa a kwamfuta. Ran nan iyafis ya nuna ya haɗu, amma shiru kake ji. Ya kinkimi kwamfutar ya kai shagon gyara, aka ce masa sai an yi fomat. Aka yi. Sauti ya dawo, littafi ya tafi.

A ganinmu matsalar iyafis ba ta kai a goge kwamfuta ba, kuma duk marubucin da yake aiki da kunnensa ya kamata ya iya dubawa da kansa kafin ya miƙa wa wani.

Da farko mu daina ɗora wa sabis laifi. Bulutut ba ruwansa da layin waya. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shaida ne: a watan Satumba na 2021, da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ai mun ci gaba da tura wa juna karatu da waƙoƙi ta bulutut. Kusanci kawai yake buƙata, kamar mita 10, kuma bango yana rage masa ƙarfi.

Sau da yawa iyafis ɗin wayarmu ya koma wa, tana aljihu ba mu sani ba. Mu kashe bulutut ɗin wayar mu gani. Wani lokacin kuma ya haɗu da kwamfutar, amma Windows tana tura sautin wani waje. Sai mu danna alamar lasifika da ke kusa da agogo, mu zaɓi sunan iyafis ɗin. In ya ƙi, mu cire shi daga jerin na'urori mu sake haɗawa. Kwamfutocin tebur da yawa kuwa ba su zo da bulutut ba sam, sai an sayo ɗan abin nan da ake soka wa a ramin USB. In sauti yana yankewa, mu duba caji, mu kuma matsar da na'urar Wi-Fi gefe, don su biyun zango ɗaya suke bi, wato 2.4 GHz.

Amma ga inda ya fi shafar mu. Iyafis na bulutut hanya biyu yake da ita. Ɗaya ta saurare ce zalla, sautinta garau. Ɗayar ta kiran waya ce, ita ke buɗe makirfo, kuma sautinta a shaƙe yake kamar ana magana cikin tulu. A Windows 10 sukan fito da suna biyu, Stereo da Hands-Free. A Windows 11 an haɗe su wuri ɗaya, kwamfutar ke sauyawa da kanta. Shi ya sa muna cikin sauraro lafiya, da mun shiga taron Zoom ko mun buɗe manhajar naɗar murya, sai sauti ya lalace, mu ce an sayar mana da jabu. Ba jabu ba ne, haka aka gina shi. Maganin shi ne mu shiga saitin sauti mu zaɓi makirfon kwamfutar, ko mai igiya, a matsayin na magana, mu bar iyafis da aikin saurare.

Don haka muke cewa kada mu naɗi littafin sauti, balle hirar dattijo, da makirfon bulutut. Wasu za su ce igiya tsohon yayi ce, ga ta da saurin tsinkewa. Gaskiya ne tana tsinkewa. Sai dai hanyar kira tana datse siraran sautuka, mu kuwa harshenmu a nan yake rarrabe ma'ana. In muna kwafar muryar tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, muka kasa bambance tsara da sara, ko ƙafa da kafa, me za mu rubuta? Ga shi hanyoyinmu ba kullum ake bin su ba, balle mu ce gobe ma koma mu sake tambaya.

In har ta kama sai an je wurin mai gyara, to mu kwafe rubutunmu a filashi tun daga gida, mu kuma faɗa masa ƙarara cewa ba mu yarda da fomat ba sai ya tambaye mu.

Shi dai ɗan uwan namu, Allah ya taimake shi hirar tana nan a memorin wayarsa. Littafin ne ya faro daga babi na 1. Yanzu yana na 4, da iyafis mai igiya a kunnensa.