Asu Ba Ya Cin Rigar Da Ake Sawa

A zangonninmu na Kumasi da Akra, ko unguwar Briketeri ta Yawunde, da wuya a sami gidan Bahaushe da babu adakar kayan gado: alkyabbar ulu, rigar tsamiya mai aska takwas, da jar dara ta kakanni. Muna kulle su shekara da shekaru da sunan adanawa. Ranar da aka buɗe, sai a tarar asu ya mayar da su rariya.

Ɗan ƙwaron da ke tashi idan an ɗaga murfi ba shi ne mai ɓarnar ba, domin ba ya cin komai. Macen kan zuba ƙwai 40 zuwa 50 cikin ninkin tufa, tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe su ke cin ulu da alharini da gashi. Auduga ba ta dame su ba, sai in ta sha gumi ko maiƙo. Duhu da laima da rashin motsi suke so, kuma mu ne muke tanadar musu.

Kafur kaɗai bai wadatar ba, ga shi guba ne ga yaron da ya ɗauke shi alewa.

Jama'a, mu tsabtace tufa kafin ajiya, mu riƙa shanya ta a rana, mu kakkaɓe ninki da ɗinki. Ranar Sallah kuma mu sa rigunan nan, 'ya'yanmu da aka haifa nesa da ƙasar Hausa su gan su a jikinmu, su tambayi sunayensu.